Taura biyu a bakin Sadiq: gudu ko injiniya?

Baban Sadiq (Columbus):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Yau ni ne da neman shawara, kuma ku yi haƙuri zan ɗan ja zancen. Waɗanda suka zo taron sallarmu na bara sun ga Sadiq, dogon nan da ya ƙi taɓa tuwo wai washegari yana da gasa. To bana yake gama sakandare. Gudun mita 400 yake yi, mafi kyawun lokacinsa sakan 47.8, makinsa na makaranta kuma alhamdu lillahi ba abin kunya. Lissafi da fiziks ne abokansa, tun yana ƙarami kuma yake cewa injiniyan injuna zai zama.

Yanzu jami'o'i biyu ne a gabanmu. Ta farko babbar jami'ar jiha ce a kudu, tana rukuni na ɗaya na NCAA, wato hukumar wasannin jami'o'in Amurka, kocinsu ya kira shi har sau uku, sun ce za su ɗauke masa rabin kuɗin makaranta saboda gudu. Ta biyu ƙarama ce a arewa maso gabas, rukuni na uku, ba sa ba da ko sisi don wasa, amma da suka duba abin da nake samu sai suka yafe kusan duka kuɗin, ɗan abin da ya rage ba zai gagare ni ba. Suna da ƙungiyar gudu su ma, sai dai ba a jin sunansu a talabijin.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da Sadiq ya ce wa kocin babbar jami'ar injiniya yake so, sai mutumin ya ɗan yi shiru, sannan ya ce za a duba, amma yawancin yaransa sukan ɗauki kwas mai ɗan sassauci. Ni direban tirela ne, ban yi jami'a ba, amma na san shirun mai sayar da mota in ka tambaye shi lafiyar inji. Ƙaramar makarantar tana jiran amsa kafin 1 ga Mayu. Me kuka gani?

Alhaji na Bronx:
Wa alaikumus salam. Ɗana, wannan ai ba abin dogon tunani ba ne. Taura biyu ba ta taunuwa. Ƙafa aron Allah ce, yau tana nan gobe ta ƙi. Ka kai yaro inda zai yi karatu. Yaronmu na Ghana, Abu Danladi, shi aka fara ɗauka a zaɓen 'yan ƙwallo na MLS, babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Amurka, a 2017 daga jami'ar UCLA, kowa na cewa an samu tauraro, ciwo bai bar shi ya sake ba. Wanda ya zo na ɗaya ke nan, ina ga na baya?

Koci (Houston):
Alhaji ranka ya daɗe, a yi mini afuwa, amma zan saɓa maka kaɗan. Shekara goma sha biyu ina horar da yara gudu a nan, kuma wannan magana ta "ƙafa aro ce" ita ta binne baiwar yaranmu da yawa. Ai don aro ce ya sa ake morar ta kafin mai ita ya karɓa. Digiri ana yin sa a shekara 30, ana yin sa a 40, na ga kaka ta saka rigar kammala jami'a. Mita 400 fa? In ka wuce 22 ba ka samu horo na gaske ba, an rufe wannan ƙofa har abada.

Ku dubi Samuel Ogazi, yaron Kaduna. Jami'ar Alabama ta ɗauke shi, yana ɗan shekara 18 ya kai zagayen ƙarshe na mita 400 a gasar Olamfik ta Paris a 2024, abin da wani namiji ɗan Najeriya bai yi ba tun Innocent Egbunike a 1988. Tobi Amusan a jami'ar Texas ta El Paso aka goge ta, ta ci gasar NCAA a 2017, a 2022 ta kafa tarihin duniya a gudun tsallake shinge na mita 100 da sakan 12.12. Hakeem Olajuwon ba sai na ba ku labari ba, daga Legas ya sauka a garin nan ya shiga jami'ar Houston, a 1984 shi aka fara ɗauka a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando. Da iyayensu sun ce a je inda ba a jin suna, da wa ya san su?

Mai gudu abokan gudunsa ne ke gina shi. In kullum kana bin bayan mai yin sakan 45, jikinka da kansa zai koyi abin da koci ba zai iya faɗa da baki ba. In kuwa kai ne zakara a ƙaramin akurki, cara kawai za ka yi ta yi. Ga likitoci, ga masu tausa, ga mai tsara abinci, ga ɗakin ɗaga ƙarfe. Ƙaramar makaranta wani lokaci koci ɗaya ne ke kula da masu gudu da masu tsalle da masu jifa gaba ɗaya.

Dakta Maman Iman (Michigan):
Malam Koci, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, sai dai ka kirga waɗanda suka haye ne, ba ka leƙa cikin kogin ba. Ni ina koyar da kimiyyar sinadarai a jami'ar da ke rukuni na ɗaya, 'yan wasa suna ratsawa ta ajina kowane zango, don haka bari in fassara wa Baban Sadiq shirun da kocin nan ya yi.

Dokar NCAA ta ce kada atisaye da gasa su wuce awa 20 a mako a lokacin kakar wasa. A takarda ke nan. Tafiya ba ta cikin lissafi, zaman jinya a ɗakin masu tausa ba ya ciki, ranar gasa kuma ko an wuni a fili awa uku ake rubutawa. Ga abin da ake kira atisayen ganin dama, wanda duk yaron da ya ga dama ya ƙi zuwa ya san sakamakonsa. Yanzu ɗora wannan a kan injiniya. Darussan gwaji da rana ake yin su, awa uku a jere, daidai lokacin da koci ke son yaransa a fili. Kakar gudu tana farawa a Janairu a rufaffen fili, ta zarce ta buɗaɗɗen fili har Yuni, kuma sau da yawa ana tashi tun Alhamis ko Juma'a. Darasin tarihi in ka rasa sai ka karanta a jirgi. Gwajin da ka rasa ba ya shiga jaka.

Akwai kuma wata doka da iyaye ba su cika sani ba. Kafin ɗan wasa ya shiga shekara ta uku sai ya gama kashi 40 na digirinsa, ta huɗu kashi 60, ta biyar kashi 80, in ba haka ba a dakatar da shi daga gasa. Niyyar dokar mai kyau ce, amma abin da take haifarwa shi ne mai ba wa 'yan wasa shawara yana tsoron duk kwas ɗin da za a iya faɗuwa a cikinsa. Ba wanda zai ce wa Sadiq an hana shi injiniya. Za dai a ce ya fara da mai sauƙi tukuna, daga baya ya canza. Daga bayan nan ne ba ya zuwa, don darussan injiniya sarƙa ce, wanda bai yi lissafin shekarar farko ba ba ya taɓa na biyu.

In kuna ganin na yi tsanani, ku tuna abin da rahoton 2014 ya fallasa a jami'ar North Carolina ta Chapel Hill: wajen shekara 18 ana ba da darussan bogi da ba a shiga aji, ɗalibai kusan 3,100 suka ratsa, kusan rabinsu 'yan wasa. Jami'a ce mai suna a fagen ilimi fa.

Koci (Houston):
Dakta, ai ba kowa ne haka ba. Gabby Thomas a Harvard ta karanta kimiyyar ƙwaƙwalwa, ta ƙara da digiri na biyu a lafiyar al'umma, ta zo Paris ta kwashi zinare uku. Ga taura biyu an tauna har da ƙwallon.

Dakta Maman Iman (Michigan):
Madalla da ka kawo ta da kanka. Harvard da 'yan uwanta na rukunin jami'o'in da ake kira Ivy ba sa ba da tallafin wasa ko kaɗan, kuɗin da ɗalibi ke samu ba ya hannun koci. Misalinka ya fi kama da makaranta ta biyu ta Baban Sadiq, ba ta farko ba.

Koci (Houston):
Amma rukuni na ɗaya ce, da manya take karawa. Kar ki ƙwace mini shaida a gaban alƙali, Hajiya.

Ɗan Tudun Wada (Minnesota):
Na so in yi shiru, amma jiki magayi. Ni gudu ne ya kawo ni ƙasar nan daga Kaduna a 2007, mita 800. Ba zan faɗi sunan makarantar ba, ya wuce. Ranar da na sauka, wata mata a ofishin 'yan wasa ta miƙo mini jadawalin darussana an riga an cike. Na ce ni harhaɗa magunguna nake so. Ta yi murmushi ta ce mu ga yadda shekarar farko za ta kasance. Ni kuwa baƙo, ga sanyi, ga Turancinsu da ba na kamawa sosai, ga shi su suka biya mini komai, da wane baki zan yi musu?

Shekara ta biyu tsokar bayan cinyata ta yage. Na warke, ta sake yagewa. Ana cikin haka kocin da ya kawo ni ya samu aiki mai tsoka a wata jiha ya tafi, ko sallama a waya muka yi. Sabon da ya zo da nasa yaran a ransa. A lokacin tallafin shekara-shekara ne ake sabuntawa, kafin 2012 doka ma ba ta yarda a ba da na shekara huɗu a dunƙule ba. Watan Mayu aka kira ni ofis, minti biyar aka gama da ni.

Abin da ya fi yi mini ciwo ba kuɗin ba ne. Da na koma kwalejin shekara biyu zan fara aikin jinya, aka baje takarduna aka ce yawancin darussan da na yi ba su da amfani a wannan layi. Shekara biyu ina gudu a kan ƙafa, a karatu kuwa ina tsaye wuri ɗaya. Sai da na kai 31 na zama ma'aikacin jinya, bayan wankin kwanuka da gadin dare da abubuwan da ba na son tunawa.

Ban ce kada Sadiq ya je ba. Wallahi har yau in na ji ƙarar bindigar tashi a talabijin gabana sai ya faɗi, kuma shekara biyun nan na ga garuruwan da ban taɓa mafarki ba. Abin da nake cewa, Yaya, ka zaunar da shi ka tambaye shi: in aka wayi gari kocin nan ya tafi, ƙafar kuma ta ƙi, a cikin biyun wacce zai so ya farka a cikinta? Kocin da ke kiran waya sau uku ba ginin makaranta ba ne, yana da akwati.

Anti Bilki (Maryland):
Allah sarki Yaya, Allah ya sa kaffara ne. Amma don adalci, dokokin sun canza sosai daga zamaninka, kada mu tsorata Baban Sadiq da abin da ya wuce. Ni a ofishin tallafin ɗalibai nake aiki. Tun 2015 manyan ƙungiyoyin jami'o'i suka hana a janye tallafi don yaro ya ji ciwo ko bai yi ƙoƙari a fili ba, daga Agustan 2024 kuma aka faɗaɗa irin wannan kariya ga rukuni na ɗaya gaba ɗaya, har da kula da ciwon da aka ji a wasa na shekara biyu bayan barin makaranta. Sauya makaranta ma yanzu ba sai ka zauna shekara guda ba ka gasa ba kamar da.

Sai dai inda gizo ke saƙar daban ne. A Yunin 2025 kotu ta amince da sasancin da ake kira House, wanda ya ba jami'o'i damar raba wa 'yan wasa kuɗi kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko ga kowace makaranta. Kada ku yi murna tukuna, mafi yawansa ƙwallon Amurka da ƙwallon kwando na maza yake tafiya, su ke kawo kuɗin talabijin. A cikin wannan sasanci aka cire tsohon ƙa'idar yawan tallafi, wanda a gudu na maza 12.6 ne kacal ake yayyanka wa ƙungiya guda, aka maye shi da iyakar yawan 'yan wasa, mutum 45. Ma'ana kujera ta yi tsada. Ba za a ƙwace maka tallafi ba, amma ana iya kiran ka a ce gaskiya ba ka cikin shirinmu na baɗi, ga ƙofar sauya makaranta a buɗe. Yaro mai zuciya ba ya zama inda aka gaya masa haka.

Baban Sadiq, ka daina kallon "rabi" da "kusan duka". Ka sa kowace makaranta ta rubuto maka abin da zai fita daga aljihunka a shekara, da ɗaki da abinci da littattafai da inshora. Jami'ar jiha tana cajin ɗan wata jiha ninkin abin da take cajin ɗan gida ko fiye, kai kuma daga Ohio kake. Rabin kuɗin baƙo yakan fi cikakken kuɗin ɗan gida. Sannan ka duba ko a cikin "kusan duka" ɗin nan an cusa bashi, don wasu makarantu suna jera rance a layi ɗaya da kyauta kamar duk abu ɗaya ne.

Baban Sadiq (Columbus):
Anti Bilki Allah ya saka. Na ɗauko takardun yanzu a cikin mota. Gaskiyarki, a ta biyun akwai ɗan rance a ciki, ban lura ba sai yanzu. Duk da haka in na haɗa, ta kudun za ta ci mini kusan ninki uku na ta arewan a kowace shekara. Sai dai in ci bashi ko in ƙara kwanakin hanya.

Anti Bilki (Maryland):
To ga wani abu kuma. Tallafin ƙaramar makarantar a kan samunka aka gina shi, duk shekara za ka sake cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu, wasu har da fom ɗin CSS Profile mai tambayar gida da sana'a. In tirelar taka ce kuma shekara ta yi albarka, tallafin na iya raguwa. Amma alherinsa ɗaya: ko Sadiq ya ajiye takalmin gudu a mako na biyu, ba mai taɓa masa ko kwabo.

Ɗan Maraɗi (Greensboro):
Salamu alaikum. Ni ban yi lakkwal mai zurhi ba, amma kuna ta lissahin dala kun manta da wani abu. Azumin shekarun nan cikin Fabrairu da Maris yake hwaɗowa, daidai lokacin manyan gasanninsu na cikin ɗaki. Wane koci ne cikin biyun zai gane in yaro ya ce yau da asuba ko bayan shan ruwa zai yi atisaye? Akwai masallacin Juma'a kusa? Akwai inda zai samu naman halal, ko shekara huɗu zai yi yana cin kihi da ƙwai? Ɗiyana na biyu wata ƙaramar makaranta ya tahi cikin daji, shi kaɗai ne Musulmi a benensu, wata ukku ya dawo ya rame kamar an jiƙa kaza.

Koci (Houston):
Wannan tambaya ce mai kyau Malam. Hakeem da azumi a bakinsa aka zaɓe shi gwarzon wata na NBA a Fabrairun 1995. Ana iyawa, in an samu mai fahimta. Kuma a nan babbar jami'a ta fi, don da wuya ka rasa ƙungiyar ɗalibai Musulmi mai ƙarfi a cikinta.

Abba Kurna (Kano):
Salam manya. Don Allah ni ƙanena yana buga ƙwallo sosai, wani ya ce in kawo naira miliyan biyu zai samo masa sikolashif a Amurka. Yaya ake yi?

Anti Bilki (Maryland):
Abba, riƙe kuɗinka. Ba a sayen tallafin wasa a hannun dillali, koci ne ke bayarwa, kuma da adireshin imel na jami'a yake magana, a rubuce. Hanyar ita ce rajista da cibiyar tantancewa ta NCAA, a tura sakamakon WAEC, a tura bidiyon wasa ga kociyoyi kai tsaye. Ka sani kuma in yaro ya daɗe da gama sakandare yana buga gasa, ana iya rage masa shekarun da zai yi wasa, sannan dokokin bizar ɗalibai sun tsananta ƙwarai. Buɗe wani zaren daban mu yi maganar a can, kada mu bar Baban Sadiq a tsakiyar hanya.

Ɗan Tudun Wada (Minnesota):
Mu koma kan lambar da kowa ke tsallakewa. Koci, kai masani ne, faɗa mana tsakani da Allah. Ma'aunin shiga Olamfik ta Paris a mita 400 sakan 45.00 ne. Sadiq yana 47.8. Wanda bai taɓa gudu ba zai ce ai saura ƙiris. Ni da kai mun san tazarar nan ta fi mita ashirin a kan layi. Ogazi da ka ambata, a shekarun Sadiq ƙasa da 45 yake yi. Kuma ita kanta jami'ar ta faɗi ra'ayinta a kansa: rabi ta bayar. Wanda suke ganin zai ci musu gasa ba sa yi masa tayin rabi.

Koci (Houston):
Ba zan yi maka ƙarya ba, 47.8 ba lokacin Olamfik ba ne. A babbar ƙungiya ta kudu, shekarar farko wataƙila ko motar tafiya gasa ba zai riƙa shiga kullum ba, sai dai ya yi fafutukar samun gurbi a gudun miƙa sanda. Amma na ga yaran da suka zo da 48 suka fita da 45, musamman dogaye irinsa da jikinsu bai gama cika ba, kuma bai taɓa samun horon ƙarfe na kirki ba. Na kuma ga waɗanda suka zo da 46 suka tsaya a nan har suka gama. Ba mai iya rantsuwa. Abin da nake ƙi shi ne a yanke wa yaro hukunci tun ba a gwada shi ba.

Ɗan Tudun Wada (Minnesota):
To ai gwajin ba a wuri ɗaya kawai ake yin sa ba. Nick Symmonds, ɗan layina na mita 800, daga Willamette ya fito, ƙaramar makarantar rukuni na uku, ya karanta kimiyya, ya je Olamfik sau biyu, ya ci azurfa a gasar duniya ta 2013. Wayde van Niekerk da ya kafa tarihin 43.03 a Rio a 2016, wata tsohuwa mai shekara 74 ce ke horar da shi a jami'ar Free State da ke Bloemfontein a Afirka ta Kudu, a lokacin bai zo Amurka ba ma. In Sadiq ya je ƙaramar ya sauko 46 a shekara biyu, manyan da kansu za su neme shi, a lokacin kuma ya riga ya haye lissafin da ke kayar da mutane. In kuwa ya fara da babbar abin bai yi ba, wannan tallafi mai tsoka na ƙaramar ba lallai ya same shi yana jira ba, galibi sabbin shiga ake yi wa shi.

Kuma ko an kai ƙololuwa, gudu ba NBA ba ne. Babu albashi, sai kwantiragin kamfanin takalma ga 'yan tsiraru. Zinaren Olamfik a Paris dala 50,000 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta biya, kuma shi ne karon farko da aka taɓa biya. Injiniyan da ya fara aiki yana wuce wannan a shekara guda.

Koci (Houston):
Symmonds ɗaya ne a cikin dubbai, kamar yadda kuka ce Ogazi ɗaya ne. In za a hana ni misalin zakara, kai ma a hana ka.

Kawun Sadiq (Indianapolis):
Tun ɗazu nake karantawa ina dariya. Manya goma sun taru suna raba gadon yaro yana raye. Yaya, ka yafe ni zan fasa ƙwai, ai ɗan ƙanwata ne, ina da haƙƙi. Da ya zo mini hutun hunturu mun yi hira har ƙarfe biyun dare. Injiniyan nan yana so da gaske, ba don kai yake faɗa ba, har wani injin yankan ciyawa na da ya mutu ya kwance ya tayar. Amma ya ce mini abin da ke hana shi barci shi ne kada ya kai shekara 40 yana kallon gasa a talabijin yana cewa da na gwada. Kuma ya kasa gaya maka, don yana ganin yadda kake dawowa daga hanya ƙafafunka a kumbure. Ya san ta kudun ta fi tsada. Cewa ya yi in ya zaɓe ta kamar ya ƙara maka mil dubu ne a kowane wata.

Don haka in ka tambaye shi a falo gaban mamarsa, "duk wadda ka ce Baba" zai ce maka. Ka ɗauke shi a tirelar nan ku yi tafiyar kwana biyu, ku biyu kawai, ka ga abin da zai fito.

Baban Sadiq (Columbus):
Ikon Allah. Wallahi bai taɓa nuna mini ba. Kai kuma Kawu sai yau ka ga damar faɗa, a gaban duniya.

Kawun Sadiq (Indianapolis):
Na kira ka sau biyu kana Nebraska ba sabis.

Alhaji na Bronx:
To ni na ɗan sassauta, amma ban janye ba. Tunda kai mutumin Zariya ne, ka fi ni sanin Masai Ujiri. A garinku ya tashi, ya zo ƙasar nan ya yi ƙwallon kwando a wata kwalejin shekara biyu a North Dakota, bai taɓa buga NBA ba ko sau ɗaya. Amma shi ne shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da suka ɗauki kofin NBA a 2019. Wasan ya buɗe masa ƙofa, kai ne ya zaunar da shi a ciki. Yaro ya yi gudunsa, ban hana ba, amma a inda ba za a ce masa ajiye littafi ba.

Dakta Maman Iman (Michigan):
Baban Sadiq, tunda akwai sauran lokaci, ku je ku ga wuraren biyu da idonku, kuma kada ku tsaya inda aka tsara za a kai ku. Za a nuna muku ɗakin ƙarfe mai walƙiya da rigunan da aka rubuta sunansa a baya. Ku yi godiya, sannan ka ce wa kocin ya haɗa ku da ɗan ƙungiyarsa guda ɗaya da ke shekara ta uku ko ta huɗu a injiniya. Jerin 'yan wasan yana shafin jami'ar, sau da yawa har da kwas ɗin kowa, kana iya kirgawa tun daga gida. In akwai irin wannan yaro, Sadiq ya keɓe da shi ba koci a wurin, ya tambaye shi yadda yake yi ranar da gwaji ya ci karo da atisaye. In babu ko ɗaya a cikin mutum arba'in, ka samu amsarka ba sai kowa ya ɓata baki ba.

Ku taka da ƙafarku zuwa sashen injiniyan ma, don a wasu manyan jami'o'i shiga makaranta daban, shiga sashen daban. Ita ma ƙaramar kada a ɗaga mata ƙafa. Ka tabbatar digirin injiniyanta na da amincewar ABET, hukumar da ke tantance digirin injiniya, kuma a nan ake gama shi, don wasu ƙananan shekara uku ake yi a wurinsu sannan a tura ka wata jami'a ka ƙara biyu, tallafin kuma ba lallai ya bi ka ba. A tambayi kocinsu ko akwai mai horar da 'yan gajeren zango na musamman, da kuma inda suke atisaye in ƙanƙara ta rufe fili.

Koci (Houston):
Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Ƙara da wannan: shekara nawa suka rage a kwantiragin kocin, kuma yara nawa suka bar ƙungiyar bara. In ya ce zai bar Sadiq ya yi injiniya, ya rubuta a imel. Yaya, turo mini bidiyon gudunsa na ƙarshe ta akwatin sirri, ina so in ga yadda yake ƙarasa mita ɗari na ƙarshe. Daga nan zan gaya maka gaskiyar abin da na gani, ko ba za ta yi wa ɓangarena daɗi ba.

Baban Sadiq (Columbus):
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na duba, ta arewan tana da ABET ɗin, a nan ake gamawa. Jerin 'yan gudun ta kudun kuma na kirga yanzu a wurin shan mai, na ga mutum biyu da aka rubuta injiniya, ɗaya mai jifan ƙarfe ne, ɗayan ɗan shekarar farko. Zan nemi a haɗa mu da su duka. Ina da kaya zuwa kudu mako mai zuwa lokacin hutunsu, zan ɗauke shi mu tafi tare kamar yadda Kawu ya ce. Koci, bidiyon yana wayar mamarsa, da na isa gida zan turo.

Ɗan Maraɗi (Greensboro):
In hanyarku ta biyo ta I-40 ku tsaya nan ku kwana, akwai wurin aje tirela bayan shagonmu. Ka hwaɗa mini ranar tun da wuri a dama hura.